Rumbun da na yaɓe bakinsa

Shekarar da damina ta gaza mana, ni kaɗai na rage a gidanmu na Matameye. Baba ya riga ya rasu. Yayata tana aure a wani gari hayin iyaka, cikin Najeriya, ƙanena kuma ya bi 'yan ci-rani tun kafin a gama tattara kara a gonaki. Inna ce ta tafi a ƙarshe. Ta gaya wa maƙwabta za ta je ganin jika, kwana goma ta dawo. Da safen da za ta tafi ta ba ni makullin ɗakinta, ta tsaya gaban rumbu da ƙullin kayanta a ka, ta ce, "Ka kula da shi." Ni da ita mun san abin da ya rage a ciki ba zai ciyar da baki biyu ba. Shi ya sa ta ɗauke nata bakin ta kai gidan suruki.

Rumbunmu na laka ne, Baba ya gina shi da hannunsa, ya ɗora masa hular ciyawa. A garinmu idan an gama girbi, maigida yakan ware abin da za a ci da rani, sauran ya zuba a babban rumbu ya yaɓe bakinsa da laka. Ba a fasa yaɓen nan sai ruwa ya sauka, don masu noma su samu abin da zai riƙe su a gona. Duk wanda ya hangi rumbu a yaɓe ta saman danga ya san gidan yana da abincin damina. Ranar da na kakkaɓe ƙwayar ƙarshe, 'yan makonni bayan tafiyar Inna, na kwaɓa laka da ragowar ruwan tulu na yaɓe bakin rumbun, na shafe shi sumul yadda na ga Baba yana yi. Ba wanda ya sa ni. Ban ma tsaya na tambayi kaina dalili ba.

A lokacin na gama karatun harkar kasuwanci a Damagaram, na dawo da difilom a cikin leda na sa shi ƙarƙashin katifa. Aiki babu. Abin da nake da shi shi ne akwatin ƙarfe da Yaya ta bari, cike da littattafan soyayya irin waɗanda ake kawowa daga kasuwar Kano, wasu bangonsu ya cire, wasu an karanta su har takardar ta yi laushi kamar tsumma. Da hantsi in rana ta fara cizo, sai in shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi na tsakar gida in yi ta karatu har la'asar. Na so littattafan nan, har yau ma ina son su. A cikinsu saurayi yakan shiga ofis da takalmi mai huji, a yi masa tambaya guda ya amsa, sai babban mutum ya miƙe tsaye ya rungume shi. Kuma kullum akwai wata yarinya a bayan tebur wadda za ta ɗago kai su haɗa ido, ta sunkuyar. Ni na san fuskar tawa yarinyar tun ban ga ofishin ba. Tana da ɗan tabo a haɓa, tana yafa shuɗin mayafi. Nakan yi mata hira a fili, in ji muryata ita kaɗai tana yawo a gidan da ya saba da muryoyi biyar.

Cikin ranin nan ne wata rana rediyo ta yanke shirinta ta kama kiɗan soja. Daga baya muka ji sojoji sun karɓi mulki a Yamai. A garinmu ba abin da ya canza sosai, sai shingayen hanya da suka ƙaru, da dattawan majalisa da suka rage murya. Abu ɗaya na lura da shi: rediyo ta fara faɗin kalmar yunwa ƙarara, alhali da sai dai a yi ta kewaye-kewaye. Amma rediyo ce ta faɗa. A unguwarmu ban ji mutum ɗaya ya faɗe ta a kan gidansa ba.

Yaya takan kira ni ranar Juma'a. Wata Juma'ar ta yi ƙasa da murya ta ce, "Inna fa ba ta cin abinci. In maigidan yana nan ba ta fitowa tsakar gida. In an kai mata ɗaki ta ɗan taɓa ta rufe kwano, wai kada a ce uwar mata ta zo cinye gida. Shi bai ce komai ba, wallahi mutumin kirki ne. Ita ce dai. Zanenta har ya fara yi mata yawa."

Sai na ji an karɓe wayar. Inna ta ce, "Lafiyata lau, yayarka ce mai surutu. Rumbu fa?"

Na ce, "Yana nan, Inna."

"To, madalla."

Tun daga ranar abu guda ya tsaya mini a rai: in samu abin da zai ciyar da gida har kaka, Inna ta dawo ɗakinta kafin ruwan shuka.

Takardar neman ma'aikaci na ganta ne a manne jikin bangon tasha. Wani kamfani a Damagaram mai sayen hatsi da wake yana sayarwa a garuruwa yana neman mai nazarin kasuwa, wato wanda zai duba abin da mutane ke buƙata da yadda suke saye, ya gaya wa kamfanin inda zai kai kaya da lokacin da zai kai. Abin da na karanta ke nan. Na haɗa dosiye, wato takarduna na neman aiki, na aika ta hannun wani direba. Bayan kwanaki wata mata ta kira ni ta ce in zo ganawa nan da mako huɗu, kuma kowane ɗan takara ya zo da rubutaccen nazari a kan kasuwar garinsu: shin ya dace kamfanin ya kawo gero yanzu, kuma ta wace hanya zai sayar.

Na fara shiri kamar mai shirin aure. Na fito da kwat ɗin da na sa ranar karɓar difilom, na wanke, na goge da dutsen guga na gawayi har sau biyu. Na tsaya gaban madubin Inna ina koyon ɗaurin karabat, ɗan ƙyallen nan na wuya. Na rubuta tambayoyin da nake jin za a yi mini, da amsoshinsu cikin Faransanci mai kyau, na haddace. Da yake ba ni da wanda zai saurare ni, sai na riƙa tsayawa gaban rumbu. Da hularsa ta ciyawa da ƙaton cikinsa, ya yi kama da wani Alhaji mai malafa da ya harɗe yana jira. In gaishe shi, in faɗa masa sunana da karatuna, in faɗa masa abin da ya sa nake ganin na cancanta. Turmin Inna na jingine a gefensa, ya zama matar da ta kira ni a waya. Wani lokacin sai in tsinci kaina ina yi wa turmi murmushi.

Nazarin kuwa na yi shi yadda aka koya mana a lakwal, makarantar boko. Na tsara takardar tambayoyi da layuka biyu a gaban babbar tambaya, layin akwai da layin babu. Na hau keken Baba na zaga unguwannin Matameye, na je ƙauyukan Kurni, na je na Yauri, na leƙa wajen Kance. In yi sallama a ƙofar gida, maigida ya fito, mu gaisa, in buɗe kaye, littafina na rubutu, in ce, "Malam, hatsin da ke rumbunku zai kai ku damina?"

"Alhamdu lillahi."

In sa alama a layin akwai.

"Ai da saura."

In sa alama.

"Allah ya rufa asiri."

In sa alama. In ɗaga kai kuma in hangi rumbun a yaɓe ta saman danga, in ƙara rubuta wannan a gefe a matsayin shaida.

Wani dattijo a wani ƙauye kusa da Yauri ne kaɗai bai amsa nan take ba. Ya dube ni, ya dubi kayen, ya ce, "Ɗan gidan wa?" Na gaya masa. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Mun sha cin kasuwa tare. Bai taɓa yi wa mutum irin tambayar nan ba." Ya sa aka kawo mini ruwa a kwanon sha, ruwa zalla, ya ce a yi haƙuri matan ba su gama dama fura ba. Na sha na yi godiya. Rana ta riga ta karkata a lokacin, amma ban kawo komai a raina ba. Na sa alama a layin akwai na hau kekena.

Mako biyu na yi ina wannan. Da na zauna gindin bedi na haɗa takardun, layin babu fari fat yake. Na rubuta cewa mutanen yankinmu suna da ajiya, ba za su sayi gero ba sai damina ta yi nisa, don haka kamfanin ya dakata. Na kai wa mai ordinater, wato kwamfuta, a bakin tasha ya buga mini, shafi shida, na sa a bango mai kyau. Ranar na karanta wa rumbu daga farko har ƙarshe, kuma na ji daɗin jimlolina.

Duk tsawon wannan lokacin ni ma gero nake saye, da ɗan abin da ƙanena ke aikowa. Nakan je kasuwa da tsakar rana lokacin da mutane suka fake a inuwa, in wuce masu awon da suka san Inna, in je can ƙarshen layi wurin wata tsohuwa mai tsagar Barebari a kumatu. A jakar makaranta nake sa ta zuba mini, don wanda ya gan ni ya ɗauka takardu ne. Ina kiranta Iya, ita kuma ta sa mini suna Mushe mai jaka, Mushen nan na Faransanci da ake kiran 'yan boko da shi.

Washegarin ranar da na karɓo bugun, na biya wurinta da shi a hannu. Ta ce, "Mushe, yau jakar ta haihu? Mene ne wannan kake rungume da shi kamar amarya?"

Na gaya mata. Ta ce in karanta mata da Hausa, ita ba ta jin Faransanci, yaren 'yan biro. Na tsuguna na fassara mata ƙarshen. Ba ta daina tankaɗe tsakuwa daga faifai ba har na gama. Sannan ta yi dariya, irin dariyar da ba ta fita da sauti, kafaɗu kawai ke motsi.

"Wato kowa yana da gero."

"Haka suka ce, Iya. Kuma na ga rumbunan da idona."

"Ka ga laka da idonka." Ta ajiye faifan. "To Mushe, in tambaye ka. Gidanku a wane layi ka sa shi?"

Ban sa gidanmu a takardar ba. Amma da wani ya yi sallama ya tambaye ni, na san layin da zai sa. Na dubi jakar da ke ƙafata, bakinta a buɗe tana jiran awo. Na tuna lakar da na shafa sumul. Na tuna ruwan dattijon nan da furar da ba a gama damawa ba har bayan la'asar.

Ta ce, "Kada ka yi kuka a kan gerona, ya jiƙe. Zagayo nan bayana ka zauna. Ka rufe littafin, ka rufe bakinka, ka yi kamar jikana ne da ya rasa aikin yi."

Na ce, "Ai gaskiya ne."

"Shi ya sa ba za ka sha wahalar kwaikwayo ba."

Ranakun kasuwa biyu na yi a bayanta, da wasu ranakun da take kasa kaya a ƙofar gidanta. Abin da na gani ban taɓa karanta shi ba a lakwal, ba kuma a akwatin Yaya ba. Wata mata ta zo ta sayi dussa ta ce ta akuya ce. Bayan ta tafi Iya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Akuyar an sayar da ita tun wancan watan, ƙanena ne ya yi dillancinta." Wani mutum mai babbar riga wankakkiya ya zo ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi jikoki da ciwon ƙafa, ya ajiye 'yar jaka kusa da tabarmarta kamar ya manta, ya tafi. Ta cika ta, ta ɗaure, ta tura gefe. Can ya dawo ya ce, "Af, na bar kayana," ya ɗauka. Kalmar gero ba ta fito daga bakin ɗayansu ba.

Na lura tiyar awonta, babbar ƙwaryar nan, tana kife ba ta aiki. Da gwangwanin tumatir take auna wa yawancin mutane. Na lura kuma fuskokin baƙi sun fi na gari yawa. Ta ce, "Waɗannan mutanen Kurni ne. Ga kasuwa a hancinsu, amma nan za su zo, don manomi ba ya son maƙwabcinsa ya gan shi yana awo. Namu kuma su tafi Kance. Kowa ya sha rana ya je inda ba a san babansa ba." A ɗaya gefen kasuwa ga kwanonin jere na ɗakin mata an baza a ƙasa ana sayarwa, wasu ko tambarin jikinsu ba a ɓare ba. Ga anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa kwana da kwanaki kafin su ciwu, ana auna ta a fili kamar wake.

Na ce, "Iya, to me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Ta ce, "Kai wa ka gaya wa?"

Kwana uku suka rage. Na koma wurin mai ordinater, aka ce wuta ta ɗauke tun jiya. Sai na zauna gindin bedi na rubuta sabon nazarin da hannu, da alƙalamin bik, a kan takardar kaye. Na rubuta cewa rumbunan yankinmu a yaɓe suke amma akasarinsu ba komai ciki, kuma tambaya ba za ta taɓa nuna haka ba. Na jera alamomin da ya kamata a duba a maimakon tambaya: dussa, anza, kwanonin jere, girman ma'auni, baƙin fuska a layin awo. Na ba da shawara a kawo gero yanzu, a sayar da ƙaramin ma'auni ba da buhu ba, ta hannun mata masu awo da mutane suka saba da su, kuma in za a buɗe shago kada ƙofarsa ta kalli babbar hanya. Jimlolin ba su da daɗin na farko. Ban karanta wa rumbu ba. Tun ranar da Iya ta yi mini tambayar nan na kasa tsayawa gabansa.

Na shiga motar safe zuwa Damagaram, kwat a ninke a kan cinya. A wani shinge aka sauke mu duka. Sojan da ya duba katina ya ga karabat yana leƙowa daga aljihu ya ce, "Neman aiki?" Na ce e. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a. In ka zama babba kada ka manta da masu tsayuwa a rana." Shi ne kaɗai ya yi mini addu'a a kan tafiyar, don ban gaya wa Inna ba.

Biron kamfanin, wato ofishinsu, ɗaki ne mai fanka ɗaya a bayan wani babban sito. Ba yarinya mai shuɗin mayafi. Mutum uku ne a bayan tebur: Alhajin da ke da kamfanin, dattijo siriri ba kamar rumbuna ba, da matar da ta kira ni, da wani mai tabarau yana danna ordinater. Matar ta fara da Faransanci. Tambaya ta farko na amsa da abin da na haddace. Ta biyu ba ta cikin jerina, na yi ta in-ina har mai tabarau ya daina dannawa ya dube ni. Ta ce, "To, mu ga nazarin."

Na fito da duka biyun. Na ajiye bugaggen mai bango na ce wannan shi ne na farko, kuma kuskure ne daga farkonsa har ƙarshensa. Na ajiye na kaye na ce wannan ne nake tsaye a kai. Matar ta ɗaga gira. Alhaji ya miƙo hannu ya ɗauki na kayen, ya ce da Hausa, "Bar yaren nan. Gaya mini da bakin gida."

Na gaya masa. Layin akwai da layin babu, da dussar akuya, da mai babbar rigar da ya manta jakarsa, da mutanen Kurni. Da na zo kan ƙofar shago ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Ya ce, "Kafin kai mutum huɗu sun shigo, biyu sun ce akwai, biyu sun ce babu, kowa da takardarsa mai kyau. Kai ka ce an yaɓe rumbu ba komai ciki. Ka buɗe na wani ka gani?"

"A'a, Alhaji."

"To labari ne, na tsohuwa mai son a kawo mata kaya. Ina shaida?" Ya kwantar da takardar. "Ku fa, naku rumbun?"

Bakina ya riga ni. "Alhamdu lillahi," na ce.

Fanka tana juyawa. Alhaji yana kallona, bai yi murmushi ba, bai kuma ɗaure fuska ba. Na san in na tsaya a nan, na fita da mutuncin gidanmu cikakke, Inna kuma ta yi damina a ɗakin gidan suruki tana rufe kwano. Na dubi tebur, don ba zan iya faɗa ina kallon mutum ba.

"Babu ko ƙwaya, Alhaji. Ni na kakkaɓe shi, ni na yaɓe bakinsa da hannuna. Mahaifiyata tana gidan 'yarta tun farkon rani, mun ce ganin jika ta je. A jakar nan nake awo."

Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta haka ba. Alhaji bai miƙe ya rungume ni ba. Ya ɗan kau da kai wajen taga, kamar yadda ake yi in mutum ya ga tsiraicin wani bisa kuskure. Ya ce, "Allah ya kawo sauƙi." Matar ta ce za su kira ni.

Kwana takwas na yi a gida ina jira. Ban buɗe akwatin Yaya ba. Nakan share tsakar gida, in share ɗakin Inna, in zauna in saurari turamen maƙwabta, ina tunanin wanne ne ke daka gero wanne ne ke daka dussa. A rana ta tara matar ta kira. Gwaji na wata uku, a Damagaram, tare da zagayen kasuwanni. Kuma ma'aikaci yana da buhun gero a farkon kowane wata, in na so in karɓi na farko tun yanzu. Na karɓo shi, na sa Yaya ta gaya wa Inna ta dawo gida.

Inna ta dawo ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas bai zubo ba. Ta rame fiye da yadda Yaya ta faɗa. Maƙwabta suka yi ta shigowa, ya jika, ya hanya, kwana goman naki sun yi tsawo. Tana dariya tana amsawa. Da suka watse ta ga buhun a ɗakinta inda na ɓoye shi. Ta shafa shi ta ce in ba ta labari. Na ba ta duka, ina jin daɗi, har na kwaikwayi muryar Iya. Da na zo kan tambayar Alhaji sai hannunta ya tsaya a kan buhun.

"Ka ce masa me?"

Na maimaita.

"Da bakinka."

"Inna, ba don haka ba da ba su ɗauke ni ba."

"Mutum nawa ne a ɗakin?"

"Uku."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Babanka ya ga shekarar da ta fi wannan, kana goye. Har ya koma ga Allah ba wanda ya ji daga gare shi." Sannan ta miƙe ta ɗauko ƙwarya ta kwance bakin buhun, ta ce in kawo mata turmi. Na ɗauko shi daga gefen rumbu. Ta yi daka a tsakiyar gida, da ƙarfi, tana cilla taɓarya sama tana tafi kamar yarinya, yadda duk unguwa za ta ji. Ranar na ci tuwonta, ta ci sosai ita ma, a gabana, ba ta rufe kwano ba. Amma ba ta ƙara tambayata komai a kan aikin ba, ranar ko bayanta.

Da asuba bayan salla ta tashe ni da magana ɗaya. Ta ce in fasa yaɓen, in zuba rabin buhun a rumbu, in sake yaɓewa kafin gari ya waye sosai. Na yi. Tana tsaye tana riƙe mini kwanon laka, ba ta leƙa ciki ba. Ta ce, "Yanzu in an tambaye ka, ka ce alhamdu lillahi, ba ka yi ƙarya ba."

Washegari na koma Damagaram. Na kama ɗaki ɗaya a gidan haya, da tabarma da akwatin Yaya da na taho da shi. Ruwan shuka ya sauka bayan kwana goma sha wani abu, ina wata kasuwa a tsugune bayan wata mai awo, littafina a rufe. Inna ta kira ta ce ta shuka gonar Baba, ƙanena ya dawo ya taya ta. Na tambaye ta ko geron zai kai su. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Na riƙe wayar a kunne bayan ta kashe, ruwa yana dukan kwanon rumfa, ina ƙoƙarin tuna yadda muryarta ta fita.